Filin Tambaya da Amsa: Jinin Saniya da Littafin Garke

Wasiƙun wannan wata sun karkata wajen gado a jikin dabba, shi ya sa na ware guda huɗu daga ciki. Ta Samaru ce ta fi cin wuri, sauran masu tambaya su yi mini haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce, ina aji uku a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Wani malaminmu ya ce yanzu ana duba jinin ɗan maraƙi a gane yawan madarar da 'ya'yansa mata za su bayar tun bai girma ba. Abin ya burge ni, ina so in bi wannan layi. Amma 'yan ajinmu suna cewa aikin Turawa ne, a nan ba kayan aiki. Yaya aikin yake, kuma ta ina zan fara? Daga ɗaliba, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku bai faɗi ƙarya ba, amma bari in fara ba ki labarin fitata ta farko neman jini, don ki san abin da kike shirin shiga.

Ina digiri na biyu aka tura ni wata ruga a bayan Giwa in ɗebo jinin Bunaji. Muka bar Zariya bayan sallar asuba, cikin hunturu, da kula cike da ƙanƙara da 'yan kwalabe masu shunin murfi. Saurayi ɗaya ya riƙe ƙaho, ɗaya ya murɗe wutsiya, ni kuma in danne jijiyar wuya da babban yatsa har ta kumbura sannan in soka allura. Kafin hantsi na cika kwalabe 40, ina ji da kaina. Lambar kowace saniya na rubuta ta a jikin kwalba da wani alƙalami da na saya a bakin titi. Da muka dawo na buɗe kula, ƙanƙara ta narke, ruwa ya wanke rubutun tas. Jinin nan lafiyarsa ƙalau, amma ban san na wace saniya ce a kowace kwalba ba. Malamina ya ɗaga ɗaya ya duba, ya mayar, ya ce in je in zubar.

Mako na zagayowa na koma rugar da kunya. Ardo ya sha dariya har da tari, sannan ya ja ni cikin garke. Duk saniyar da ya nuna da sanda sai ya faɗi uwarta, da kakarta, da uwar kakarta, ya ce wannan gidan suna riƙe nono har tsakiyar rani, wancan gidan suna yawan zubar da ciki, waccan kuwa uwarta ma haka take da harbi. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Ni da na zo da allura da kwalba, a ranar na gane cewa abin da ke kan tsohon nan shi ne rabin aikina, jinin kuma ɗaya rabin.

To ga yadda abin yake. Jikin saniya ƙananan ƙwayoyin halitta ne jingim, a cikinsu akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T. A jikin saniya haruffan sun kai kimanin biliyan 2.7, an ɗaure su dami-dami. Damin nan shi ake kira kuromosom. Saniya tana da 60, 30 daga uba, 30 daga uwa. Akuya ma 60 gare ta, tunkiya 54, kaza 78, mu mutane 46. A zamanin da nake ba ki labari ba ma iya karanta wannan rubutu. Iyakarmu mu duba nau'in sinadarin jini, kamar dai gwajin AA da AS da SS da ake yi wa masu shirin aure saboda sikila. Sai a 2009 aka wallafa kundin gadon saniya gaba ɗaya, wanda aka karanta daga jikin wata saniya jinsin Hereford a Amurka, aka ƙiyasta ƙwayoyin gado kusan 22,000 a ciki. Na kaza ya riga shi fitowa, tun 2004.

Abin da malaminku yake nufi ya samo asali ne daga wata takarda da masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka fitar a 2001. Yawan madara ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, dubbai ne, kowace da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa. Sai suka ce to a daina farautarsu ɗaya bayan ɗaya. A samu alamomi masu yawa a warwatse a jikin zaren, wato wuraren da harafin wata saniya ya saɓa da na wata, a auna su duka a lokaci guda. Bayan 'yan shekaru aka ƙera wani ɗan farantin gilashi da ke karanta irin waɗannan wurare sama da 50,000 daga ɗigon jini ko saiwar gashin wutsiya. A da, a Amurka da Turai, sai bijimi ya kai shekara biyar zuwa shida kafin a san darajarsa, domin sai 'ya'yansa mata sun girma sun haihu an auna abin da ake tatsa. Daga 2009 Amurka ta fara fitar da ƙimar bijimai da wannan sabuwar hanya, maraƙi yana 'yan makonni a san matsayinsa.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa a aji ba. Farantin nan bai san madara ba, haruffa kawai yake karantawa. Kafin ya yi amfani sai an samu dubban shanu waɗanda aka auna madararsu shekara da shekaru aka rubuta, aka kuma karanta jininsu, sannan kwamfuta ta gwama biyun ta gano wace alama ke tafiya da me. Turawa sun fi shekara 100 suna rubuta madarar shanunsu, shi ya sa abin ya zo musu a sauƙaƙe. Lissafin da aka gina a kan Holstein, wato saniyar madara ta Turawa, kuwa ba ya aiki yadda ya kamata a kan Bunaji ko Rahaji ko Bokoloji, domin jinsin ya yi nisa da juna, su kansu alamomin ma yawancinsu daga shanun Turai aka tsamo su. Ko yau aka sauke mana na'urar a Samaru kyauta, za ta karanto mana haruffa ne mu tsaya muna kallonsu, kamar ni da kwalabena 40.

Saboda haka maganar 'yan ajinku rabinta gaskiya ce. Kayan aiki sun yi ƙaranci, wuta ba ta da tabbas, kuma firiza mai riƙe samfur ba ta san uzuri ba. Amma karanta DNA yanzu ya zama kamar kai niƙa: ki shirya samfurinki, ki aika ɗakin gwajin da ke da injin, a turo miki sakamako ta intanet. Abin da ba wanda zai yi mana daga waje shi ne zama da makiyayi, da sa wa dabba lamba a kunne, da auna madara da safe, da ɗora maraƙi a sikeli ranar da aka haife shi da ranar yaye. Wannan shi ne kashi mafi yawa na rayuwata a aikin nan. Ranakun da na sa farar riga a ɗakin gwaje-gwaje ba su kai waɗanda na dawo gida da kashin shanu a takalmi ba.

Kuma akwai tambayoyin da namu ne, jiranmu suke yi. Ga misali ɗaya da har yau yake ba ni sha'awa. Akwai wani ɗan guntun DNA da ake gada ta wajen uwa kawai. Da aka bincika shanun Afirka, har masu tozo irin namu, sai aka tarar wannan guntun na shanu marasa tozo ne, alhali tozon asalinsa daga yankin Indiya yake. Ma'ana, galibi bijimai masu tozo aka shigo da su nahiyar nan, suka yi ta hawan shanun da suka tarar. Kenan Bunajin da kike gani a hanyar Funtuwa ruwa biyu ce tun fil azal. Ga Ndama da Muturu na kudu da ke jure sammore a inda ƙudan tsando zai kwantar da Bunaji. Ga Kuri mai kumburarren ƙaho a tafkin Chadi, wadda ke ta raguwa. Kowace a cikinsu aikin rayuwar mutum guda ce.

Ta ina za ki fara? Kina kan hanya ai. Ki zaɓi ɓangaren kimiyyar dabbobi, a digiri na biyu ki bi kiwo da gado. Amma ki riƙe lissafi da ƙididdiga da hannu biyu, don a nan yawancin ɗalibaina suke zamewa. Suna zuwa da son ɗakin gwaji, sai su tarar aikin jadawali ne mai layi dubu hamsin. Ki koyi manhajar ƙididdiga da ake kira R tun yanzu, kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Lokacin hutu ki nemi a bar ki ki riƙa shiga Shika. Tun 1928 ake kiwon gwaji a wurin, kafin ya zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a 1976, kuma ga shi a bakin ƙofarku. Daga baya ki sa ido kan guraben ILRI, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa da ke Nairobi da Adis Ababa, da cibiyar Roslin ta Sikotland, inda aka samar da tunkiyar nan Dolly a 1996, wadda aka kwafo daga ƙwayar halittar wata tunkiya. In kin iya Fulatanci ko kaɗan ne, kin fi mai digiri uku da bai iya ba. Kasancewarki mace ma riba ce, domin nono a ruga na mata ne, su suka san abin da kowace saniya ke zubawa a ƙwarya, kuma akwai maganar da ba za su yi da ni ba.

Kuɗi kam ba a tara su a nan, kada in ruɗe ki. Ga kuma jira. Saniya wata tara take ɗauke da ciki, karsanar Bunaji a hannun makiyayi takan kai shekara huɗu ko fiye kafin haihuwar fari. Ki lissafa da kanki zuriya nawa za ki gani kafin ritaya. Masu gaggawa kaji suke komawa, tunda kwana 21 ƙwai yake yi a ƙyanƙyashe.

TAMBAYA: Dakta, barka da aiki. Ina da 'yar gona a hanyar Jos. An yi wa Bunajina allurar baye da irin Friesian, 'ya'yan suka fito da kyau, madara ta ninka. Sai na bar wani ɗan bijimi a cikinsu ya hau 'yan uwansa. Jikokin nan sun ba ni kunya: wata kamar Bature, kullum tana haki a inuwa, wata kuma kamar ba a taɓa haɗa ta da komai ba. Ko an cuce ni ne a allurar? Daga wani Alhaji, Tudun Wada.

AMSA: Alhaji, ba wanda ya cuce ka. Abin da ya same ka tun 1866 wani limamin Kirista mai suna Mendel ya rubuta shi, shi a kan waken Turawa ya gani.

'Ya'yan farko kowace ta karɓi dami 30 cif daga Friesian, 30 cif daga Bunaji. Shi ya sa suka fito kusan bai ɗaya, da madarar uba da juriyar uwa. Akwai kuma wani ƙarin ƙarfi da ake samu idan jini biyu masu nisa suka haɗu, kuma a zuriyar farko yake cika. Da ka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, sai rabon ya koma canki-canki. Uban zai ba da dami 30, amma gauraye, uwar ma haka. Wata jikar ta kwaso na Turai da yawa, wata ta kwaso na gida, ƙarin ƙarfin nan kuma rabinsa ya tafi. Sannan ka ƙara da cewa bijimin da 'yan matan ubansu ɗaya, in dai da irin bijimi guda aka yi allurar, ka ga an haɗa ciwo biyu.

Mai hakin nan tana gaya maka gaskiyar jininta ne. Friesian saniyar ƙasar Holan ce, zafi yakan fara damunta tun ma'aunin zafi yana wajen digiri 25, mu kuwa a watan Maris da Afrilu ka san abin da Zariya take yi. In zafi ya kama ta sai ta rage ci, madara ta sauka, ta ƙi ɗaukar ciki. Ga kaska, ga kirci da damina, abubuwan da Bunaji take shanyewa tana kiwonta.

Ni dai a garken da ba shi da rumfa mai kyau da ruwa wadatacce da abinci na rani, ba na son jinin waje ya wuce rabi. Wanda yake da harawa da dusa da angurya a ajiye, da likita a kusa, zai iya matsawa sama kaɗan. Mutanen Brazil sun daɗe a kan wannan matsala, suka tsayar da wani jinsi da suke kira Girolando, kashi 5 cikin 8 Holstein, 3 cikin 8 Gir mai tozo. Amma sun kai can ne da zaɓe na shekaru masu yawa a garkuna masu yawa.

Abin yi yanzu: ka fitar da bijimin nan, ko ka dandaƙe shi ka yi kiwonsa na turka. Jikokin da suka rinjaya wajen Turai ka mayar musu da bijimin Bunaji na kirki. Waɗanda suka rinjaya wajen gida a sake yi musu allura, da irin wani bijimin daban, kuma ka sa mai allurar ya rubuta maka lambar da ke jikin tsinken irin kafin ya jefar. Sannan ka sayi littafi mai kauri. Kowace saniya shafinta: uwa, uba, ranar haihuwa, da madarar rana ɗaya a kowane wata, safe da yamma, da mudu guda da ba ya canjawa. Bayan shekara biyu ka zo da littafin mu zauna.

TAMBAYA: Malam, awakina jajaye ne, na gaje su wajen mahaifiyata. Da suna haihuwar biyu-biyu, 'ya'yan da girma. Yanzu sai ƙanana suke zuwa, wasu ko mako ba sa yi. Abinci bai canja ba. Maƙwabciyata ta ce baki ne. Daga uwargida, Kwarbai, cikin birni.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiya, ta bar miki dukiya. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake ce wa ta Maraɗi, fatarta ce ayari ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko.

Kafin a je ga baki, ina da tambaya biyu. Bunsurun da ke hawansu daga ina yake? In haifaffen gidan ne, ga inda matsalar take. Akuya wata biyar take ciki, 'yarta kuma tana iya karɓar namiji tun ba ta cika shekara ba. Kenan bunsurun da ya shekara biyu a gida ya hau 'ya'yansa, yana shirin hawan jikoki. Kowace dabba tana ɗauke da wasu gurɓatattun ƙwayoyin gado a ɓoye, ba sa nuna kansu sai ɗa ya gaji iri ɗaya ta uwa da ta uba. Tsakanin bare da bare da wuya hakan ta faru. Tsakanin uba da 'ya kuwa, kashi 25 cikin 100 na gadon ɗan yakan zo a haka, iri ɗaya ta ɓangare biyu.

Tambaya ta biyu: in buƙata ta taso, ko salla ko suna ko kuɗin makaranta, wanne kike kamawa a kai kasuwa? Na san amsar, don haka ake yi a gidanmu ma. Babban ake kamawa, shi ke da kuɗi. Wanda dillali ya raina shi ke kwana a gida, shi ne kuma uban na baɗi. Shekara goma ana haka, kin yi zaɓe sosai, sai dai ta baya kika yi shi.

Ki sayar da bunsurun, ki samo wani daga nesa, ba daga unguwarku ba, don awakin unguwa da ke yawo duk dangi ne. In da hali ki nemi wanda aka haifa tagwaye, uwarsa mai nono. Kada ya wuce shekara ɗaya da rabi a wurinki, ki yi musaya da wata. Sauran 'yan bunsuran a mayar da su taure tun suna ƙanana. Amma ki kira malamin dabbobi ya duba tsutsar ciki, ya kuma yi musu rigakafi, domin mutuwar 'ya'ya a makon farko ba gado kaɗai ke kawo ta ba.

TAMBAYA: Wai da gaske ne kajin gidan gona allurar ƙiba ake yi musu, shi ya sa suke isa yanka a mako shida? Daga mai sayar da kaji, Sabon Gari.

AMSA: Malam, allurar da ka ga ana yi ko ɗigon da ake sa musu a ido da ruwan sha rigakafi ne. Girman kuwa gado ne da abinci. Kamfanonin da ke riƙe da iyayen kajin nan sun fi shekara 60 suna zaɓen mafi saurin girma a kowace zuriya, kuma kaza ba ta shekara take ba da sabuwar zuriya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Irin wannan zaɓen aka yi a nan Shika ta wajen ƙwai, aka fitar da ShikaBrown, mai jajayen ƙwai, wadda aka yi wa rajista a 2000. Abin da ya kamata ka tambayi mai gonar da kake saro wa shi ne yaushe ya daina ba su maganin ƙwayoyin cuta kafin ya sayar maka, domin kowane magani yana da kwanakin da ake jira ya fita daga jikin nama, kuma a rubuce suke a jikin ledar.